Jadawalin da Sumayya Ta Bari

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan isha'i

Najeriya 3, Tunisiya 0. Na rubuta a gidan da ta zana. Na cika alkawarin da ban ɗauka ba.

Littafin nan na Sumayya ne, ƙanwata, irin na makaranta mai bangon ruwan ƙasa. Tun kafin Babbar Sallah ta sa rula ta zana jadawalin gasar ƙwallon mata ta Afirka, gida-gida har wasan ƙarshe, kuma ta rubuta Najeriya a gidan ƙarshen da biro, ba ma fensir ba. Ƙarfin hali. Sauran shafukan babu kome, to ni zan ɓata su, tunda a gidan nan ba na buɗe baki ba a ce na cika baki ba.

Da la'asar na je gidan kallon Sha'ibu na ce ya kunna. Ya ce, "Mas'ud, in ƙona fetur don mata su yi tsere da gajeren wando? Kai ma dai." 'Yan benci suka kwashe da dariya, sai suka tuna ko ɗan gidan wa ne ni, suka yi tsit, wani ya ce Allah shi bayyana ta. Shirun nan na fi tsana. Gara dariyar.

A waya na kalla, a shagona na caji, hoto yana tafiya yana tsayawa. Ba su iya ba. Tunisiya ce dai ta fi su rashin iyawa.

Waya ba ta yi ƙara ba. Kwana ashirin rabon da mutanen dajin da ke riƙe da ita su kira.

Talata, 8 ga Yuli, hantsi

Dada, mahaifiyarmu, ta sake zuba tuwo kwano huɗu jiya. Mu uku ne. Da safe ta ɗumama na huɗun ta turo mani ba ta dube ni ba. Na cinye. Duk unguwar nan ni kaɗai ke ƙiba.

Laraba, 9 ga Yuli, azahar

Ruwa tun asuba. Ba zan rubuta abin da nake tunani in ana ruwa ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, da sassafe

Najeriya 1, Botsuwana 0. Sai da wasa ya kusa tashi suka ci. Minti tamanin da wani abu suna buga ƙwallo sama kamar masu kakkaɓo mangwaro. Waɗannan ne ake hana mu barci da labarinsu a gidan nan, ana lissafo mani sunayensu ina cin abinci.

Jiya Kawu Nata'ala, ƙanen Baba, ya zo da wani mutumin Sabuwa da mutanen can suka sako. Ƙafafunsa duk a kumbure. Aka zaunar da shi a zaure. Ya ce akwai wata yarinya mai baƙin hijabi a inda aka ajiye mata, ciwon ciki ya kama ta, ba ta kai ganin watan Muharram ba. An ce 'yar wajen Ƙanƙara ce, wato wajenmu.

Na ce, "Baba, ka gan ta da idonka?"

Ya ce maza ba su ganin mata, ji ya yi.

Na ce, "Sunanta fa?"

Ya ce bai ji ba.

Na ce to baƙin hijabi nawa ne tsakanin nan da Sabuwa? Kawu ya ce in yi ma mutane shiru, ba jarida ake karantawa ba. Kullum nan yake zuwa. Yana jin haushin na tsaya aji huɗu a firamare amma ni ke karanta ma shi takardar asibiti. A jikin jaridar da ake naɗe tsire na koyi abin da na koya, ban ci bokon kowa ba. Shi kuwa ko lambar motar da ya shigo ba ya iya karantawa, amma ya iya karanta mutuwa a bakin wanda bai ga gawa ba.

Baba yana ta jan carbi, ɗiya guda yake ta murzawa ba ta wucewa.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan an tashi wasa

Babu da babu da Aljeriya. Na ƙona data a banza. Da tana nan da na ce mata ga gwanayenki nan, ko akuya aka sa a raga sai ta kwanta ta yi tuƙa.

Da ta ce, "Yaya, mun dai fito rukuni, kuma ba a ci mu ko ɗaya ba. Ku naku mazan fa?"

Kwana ashirin da bakwai.

Talata, 15 ga Yuli, la'asar

Kawu ya dawo da magana biyu. Ta farko, a daina batun sayar da gonar fadama don kuɗin fansa, ba a sayar da abincin masu rai saboda wanda ya riga mu. Ta biyu, a yi mata sallar ga'ib, wato sallar gawa ba gawa, a zauna makoki kwana uku, a raba kayanta sadaka, hankalin Dada ya kwanta. Hankalin Dada. Shi da rabin fadamar nasa ne.

Na san ma'anar sallar nan. Ranar da aka yi ta an rufe magana. Babu mai sake bin Faskari neman wanda ya san wanda ya sani, babu mai sayar da ko kaza. In waya ta yi ƙara bayan nan, sai a ce 'yan damfara ne.

Na faɗi haka. Na ƙara da wasu abubuwan. Kawu ya ce, "Bakin nan naka ai ya gama yi mana aiki, me ya saura?"

 A rubuta wannan a tarihi: an yi wa Mas'ud magana bai rama ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Ban buɗe shago ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

Baba ya kira ni bayan gida wajen turken awaki. Ya ce ya ba Kawu Juma'a ta sama, ashirin da biyar ga wata. In babu labari zuwa ranar, a yi.

Na ce, "Baba, kai ma ka yarda?"

Ya ce, "Ban yarda ba, ban ƙi ba. Uwarku ce ke ƙarewa. Mai makoki yana kuka ya gama. Ita ba ta da ranar gamawa."

Na ce ai ba a binne mutum don a samu barci.

Ya dube ni. Da ma ya mare ni.

Juma'a, 18 ga Yuli, magariba

Najeriya 5, Zambiya 0.

Tun minti na biyu. Kafin hutun rabin lokaci uku. Zambiyar da aka cika mu da labarin 'yan gabanta, yau ko inuwar raga ba su gani ba. Ban yi murna ba. Wani mai karɓar waya ya ce me nake wa ihu, na ce kunama ce ta harbe ni, ya ɗauki wayarsa ya tafi.

Na biya ta wajen Sha'ibu don in ɓata ma shi rai. Na ce matan sun ci biyar. Ya ce, "Allah shi ƙara, su dawo su ɗora girki." Yana faɗa yana tura wayarsa cikin aljihu da sauri kamar ya sato ta.

Biyar ɗin na rubuta ta da girma har ta fita daga gidan. Za ta yi faɗa, ta tsani a ɓata mata layi.

Waya ba ta yi ƙara ba. Talatin da biyu.

Lahadi, 20 ga Yuli, hantsi

Matan unguwa sun fara shigowa suna zama da Dada, suna magana ƙasa-ƙasa. Ba su ce gaisuwa suka zo ba, amma zaman gaisuwa suke. Ɗaya har tana kallon akwatin Sumayya. Na ce, "Inna, atamfar ba za ta yi maki ba, ta fi ki tsawo." Dada ta ce in fita. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗan fari ne ni, kai take cewa. Yau ko kai ɗin ban samu ba, hannu ta nuna mani.

Na ɗauke akwatin na kai shago na rufe.

Litinin, 21 ga Yuli

Kira na ƙarshe ni na ɗauka. Kowa ya sani, babu amfanin in ɓoye wa takarda. Mutumin ya faɗi wata magana a kanta yana dariya. Na gaya masa ko shi wane ne, da uwarsa, da wanda ya haifi uwarsa. Ya saurara har na gama. Ya ce, "To madalla." Ya kashe.

Tun ranar ke nan.

Talata, 22 ga Yuli, bayan isha'i

Najeriya 2, Afirka ta Kudu 1. Fenareti nan, fenareti can, sai a lokacin da aka ƙara wata ta aiko ƙwallo daga nesa, kowa ya tsaya kallo, ta shige. Sa'a ce. Ko makaho ya san sa'a ce. Amma sun kai gidan ƙarshen da ta rubuta masu da biro. Moroko za su tarar, a gidan Moroko, ranar Asabar.

Asabar tana bayan Juma'a. Wannan nake ta dubawa.

Laraba, 23 ga Yuli, la'asar

Wani direba ya kawo waya caji, ya ce an sako mata uku shekaranjiya, ɗaya tana gidan iyayenta a Faskari. Na gaya wa Baba. Kawu yana nan, kullum yana nan yanzu, kamar an dasa shi. Ya ce an gaji da bin maganar mutanen da hankalinsu bai dawo jikinsu ba. Na ce mutumin Sabuwa fa, nasa hankalin a jaka ya zo da shi?

Namiji ba ya shiga wurin matar mutane ya tambaye ta irin wannan. Na shiga ɗakin Dada na ce gobe zan je Faskari, ina son ta raka ni.  Da na fito na ji tana neman takalmanta.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan magariba



Mun tafi a babur, Dada a baya, laka har gwiwa a wasu wuraren.  Sunan matar Halimatu Sa'adiya. Aka shigar da Dada, ni aka ba ni tabarma a bakin ƙofa, labule tsakaninmu. Muryarta kamar ta tsohuwa, an ce kuwa goyo gare ta.

Dada ta yi mata barka, ta kasa tambaya. Ni na tambaya ta bayan labule. Na ce ko ta ga wata 'yar Ƙanƙara, doguwa, mai wushirya.

Ta ce, "Mai maganar ƙwallo?"

 Dada ce ta ce, "Ita."

Ta ce ba sa kiran suna a can, 'yar Ƙanƙara kawai suke ce mata. Ta rame, tana tari, amma tana tashi. Wanda ke tsaronsu yana da rediyo rataye a reshe. Wata safiya ana labarin wasanni sai yarinyar ta dafe mata hannu, ta buɗe yatsu biyar a gaban fuskarta, tana dariya ba sauti. "Na ce biyar me, ɗiyar nan? Ta ce mun ci Zambiya biyar. Na ce wace ce Zambiya, me ta yi mana? Ta ce Yaya Halima, ke dai ki ce madalla." Mai tsaron ya ga dariyar, ya sauke rediyon, bai sake ratayawa kusa da su ba. Ta ce abin da ya yi bayan nan ba sai ta faɗa ba. Ban tambaya ba.

Na ce yaushe ne? Ta ce ita kwanaki sun ɓace mata, ba ta san Juma'a ba ta san Asabar ba.

Ba sai ta sani ba. Littafin yana cikin aljihuna. Sha takwas ga wata. Muharram ya yi kwana ashirin da wani abu a ranar. Wadda ba ta ga watan Muharram ba, ba ta san an ci Zambiya ba.

Muna shirin tashi ta ce, "Kai ne mai shagon caji?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ta ce yayanta na rubuta mata. Ta ce ko yana zagi zai rubuta."

Na fita na tsaya wajen babur na daɗe ina duba taya.

A hanya na tuna da mai baƙin hijabin. Ita ma ƙanwar wani ce. Ban ji daɗin da na so in ji ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan la'asar

An shimfiɗa tabarmi a zaure tun hantsi. Liman ya zo, da dattawan unguwa, da 'yan benci, har Sha'ibu da sabuwar hula. Bayan Juma'a za a yi. Na shiga da littafin na durƙusa gaban Liman, na faɗi abin da muka jiyo. A hankali na faɗa. Na yi ta maimaitawa a babur jiya don kada baki ya kwace mani.

Kawu ya ce, "Jama'a ku ji fa. Sallah za a tsayar saboda ƙwallon mata. Littafin 'yan makaranta ne hujjarmu yanzu."

Wani dattijo ya ce halan ma bara aka yi wasan, yarinyar tana tunawa ne.

Liman ya karɓi littafin ya juya shi, ya ce, "Wannan rubutunka ne, Mas'udu, kuma kai ke son ta rayu. Duk muna so. Akwai wanda ya san ranar da aka yi wasan ga, ban da kai?"

Zaure cike da maza. Mutanen da suka san ranar haihuwar 'yan wasan Turai, suka san nawa ake biyan kowane ɗaya a mako. Aka rasa mai ɗaga kai. Ƙasarsu ce ta buga, babu wanda ya kalla, don mata ne. Na miƙo wayata in nuna, Kawu ya ce a waya ai har hoton mutum ana sa wa kan jaki.

Na juya na dubi Sha'ibu.  Ya gyara hula. Ya ce, "Juma'ar da ta wuce ne, Malam. Bayan la'asar."

Liman ya ce, "Ji ka yi ko gani?"

Ya ce, "Na ɗan leƙa."

"Ka ɗan leƙa."

"Na kalla, Malam. Duka. Ta farkon da ka aka ci." Sai wani daga 'yan benci ya ce ai ta uku ta fi kyau, ya kama bakinsa, amma ta riga ta fita. Ashe munafukan kowa a ɗakinsa yake kallo da bargo a ka.

Kawu ya ce ko da an yi wasan, wa ya ce yarinyar tamu ce? Sai murya ta fito daga bayan ƙyauren cikin gida. Dada, wadda ban taɓa jin ta yi magana maza na zaune ba.

Ta ce, "Malam, ɗiyata ce. Na ji da kunnena. Duk wanda ya yi mata sallah yau, shi ya kashe ta."

 Baba ya sa carbinsa a aljihu, ya tashi, ya kama bakin tabarmar da Kawu ke kai. Ya ce, "Nata'ala, ɗaga." Ya naɗe ta da kansa. Ya ce da Liman a yi mata addu'ar masu rai. Ya ce gobe zai nemi mai sayen fadama, rabonsa kaɗai, na Kawu ya riƙe abinsa.

Kwana talatin da tara. Ba ta yi ƙara ba. Na hana a binne ta, ban dawo da ita ba.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan an tashi wasa

Sha'ibu ya kunna janareta ba wanda ya roƙe shi. Gidan ya cika har ƙofa, kowa yana cewa wucewa yake. Kafin minti ashirin da biyar Moroko ta ci biyu. Na zage su tas, masu tsaron baya da mai horarwa da wanda ya saya masu takalma. Na tashi zan tafi, Sha'ibu ya ce, "Zauna, ɗan banza, wa zai rubuta?"

Fenareti. Biyu da ɗaya. Sai biyu da biyu. Saura minti biyu, uku da biyu. Benci ya karye. Kofi na goma.

Ban rubuta a gidan ƙarshe ba. Na buɗe biro na rufe. Nata ne.

Lahadi, 27 ga Yuli, hantsi

Ranar da za ta Sabuwa gaida gwaggonmu, ta tashe ni da asuba in kai ta tasha ta samu motar farko, wadda ke bin ayari. Daren mun yi musu a kan ƙwallon nan. Na ce 'yan Falkon ɗinki, matan ƙwallon, su zo su kai ki. Na juya na ja bargo. Ta zauna jiran in huce har azahar. Motar la'asar ta hau, ita aka tare a hanya.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Dada ta sani, tana tsakar gida tana alwala.

Kwana arba'in da ɗaya ina shirya abin da zan ce mata in an ba ta waya. Na haddace shi kamar karatun allo.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe bakwai saura na safe

Ta yi ƙara.

Shi ne, muryar nan. Ya ce, "Mai baki ne?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Ni. Na ce ma shi ranka ya daɗe, har sau uku, na durƙusa a tsakar gida kamar yana ganina. Ya faɗi abin da zai faɗa, Baba yana ji, ya ce an ji. Na roƙi a ba ta. Aka yi ta tafiya da wayar, ina jin ciyawa.

"Yaya?"

Duk abin da na haddace yana bakina.

Ta yi tari. Ta ce, "Yaya, sun hana ni rediyo. Mun ɗauka?"

Na ce, "Uku da biyu. Sai da aka ci ku biyu tukuna, don ba ku iya ba."

Na ji ta yi dariya, da sauti. Ta ce, "Wa ta ci ta ƙarshe?" Aka katse.

Dada ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi. Baba ya fita neman mai sayen fadama ko karyawa bai yi ba.

Na cika tankin babur na kulle shi a zaure. Duk wanda ya zo aro, ko Liman ne, a ce ma shi babu. Ko ina suka ce a zo, ko ƙarfe nawa ne, ni zan ɗauko ta.